Kafin a Ba Tsohon Faifai Amana

Lahadi

Kayan sun iso da la'asar: faifan ajiya na kwamfuta guda biyar, kowane tera 2, a naɗe cikin tsohon bargo. Daga wani shago a Beirut Road ta Kano suka taso, suka yi kimanin kilomita 240 zuwa Damagaram, suka bi babbar hanyar Diffa har Gure, daga nan suka yi arewa zuwa duwatsun Kutus. Direban ya ce, "Malam, a gaba na ajiye su kusa da ni, ban bari an ɗora musu kaya ba." Na yi masa godiya sosai, don faifai bai tsoron komai kamar bugu.

Abin da ya sa na shiga wannan hidima shi ne, a Kelle tarihin kowane gida a cikin salula yake. Hotunan suna da na biki, muryoyin ƴan'uwa da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya da Legas, hoton takardar haihuwa, hoton takardar gona, har da hirarrakin da na daɗe ina ɗauka daga bakin tsofaffi da Hausa da Barbarci. Duk suna kan ɗan memori da bai kai farce ba. Ranar da ya ƙi buɗewa, ko salula ta faɗa rijiya, shi ke nan. Masu cewa a ɗora komai a intanet ba su taɓa zama a garin da layi ke zuwa yana ɗaukewa ba, kuma ba su lissafa kuɗin da bidiyon biki ɗaya zai ci kafin ya hau. Ina son ƴar kwamfuta a ɗaki, wadda salular kowa a gidan za ta iya zuba kayanta ciki ba tare da an fita waje ba.

Sabon faifai ya fi ƙarfin aljihuna. Na hannu zan iya, amma abin da mutum ya rage a kuɗi sai ya biya shi da haƙuri. Uku nake buƙata. Na sayi biyar don na san ba duka za su tsallake ba, kuma mun yi da mai shagon cewa wanda bai yi ba zai koma.

Yau ban ba su wuta ba, ido kawai na sa. Na duba kusurwoyi ko akwai lotsawa, na duba haƙoran da waya ke shiga, na tabbata ba a liƙe ƴar kafar da iska ke bi ba. Na rubuta musu lamba daga 1 zuwa 5, na kwafe lambar jikin kowane da shekarar da aka ƙera shi a littafi.

Litinin

Tsohuwar kwamfutar tebur nake gwajin da ita. Na tashe ta da Linux daga kilen USB, wanda na sauko da shi tun a Damagaram tare da duk manhajojin da zan nema. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa haɗa faifan, ina kara kunne.

Lafiyayyen faifai yana da irin tashinsa: ƙugi siriri da ke hawa har ya daidaita, ƴar ƙara sau ɗaya ko biyu, sai shiru. A cikinsa farantai ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurar karatu kuma tana shawagi a kansu da tazarar nanomita kaɗan, alhali kaurin gashin mutum dubban nanomita ne. Ba ta taɓa farantin. In ta taɓa, an yi ɓarna. Na 3 ya tashi, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya, ya sake. Kwamfuta ba ta ma gan shi ba. Na canza masa waya da mashiga, bai sauya ba. Na ajiye shi gefe.

Sauran huɗun na tambaye su tarihinsu. Kowane faifai yana riƙe da rajistar lafiyarsa da ake kira SMART, manhajar smartctl kuma ita ke karanto ta. Layuka ne da yawa, amma kaɗan ne ke da nauyi. Layi na 9 yana faɗin awannin da faifan ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka da ɗan rabawa mutum zai san tsufansa. Layi na 5 shi ne adadin guraben da suka lalace har faifan ya sauya su da na ajiya. Layi na 197 guraben da ya kasa karantawa ne, suna jiran hukunci. Na 198 da na 187 kurakuran da suka gagari gyara. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai, tun 2013 yake fitar da alƙaluman mutuwar faifansa, kuma layuka biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. In ɗayansu ya tashi daga sifiri, sai su bincika.

Na 1 da na 2 sun yi aiki sama da shekara uku a kunne, amma layukan nan duk sifiri. Na 5 yana da gurabe 8 masu jiran hukunci. Na 4 shi ne ya tsaya mini a rai: a jikinsa an rubuta shekarar da ta daɗe, rajistarsa kuwa tana nuna awanni ƴan ɗari kacal. Ana iya goge wannan rajista. A farkon 2025 jaridar fasaha ta heise a Jamus ta fallasa yadda mutane suka sayi faifan Seagate a matsayin sabbi, sai wata rajista ta biyu da ke cikinsu mai suna FARM ta nuna sun yi dubban awanni suna aiki. Zato ya karkata ga gonakin kuɗin intanet na Chia a Sin, kamfanin kuma ya ce ba daga hannunsa suka fito a haka ba. In an yi wa mutanen Jamus haka da rasit a hannunsu, mai saye a bakin Sahara sai ya ƙara buɗe ido. Na ɗauki na 4 a matsayin tsoho, zai sha gwaji daidai da ƴan'uwansa.

Ita ma rajistar ba a dogara da ita kaɗai. A 2007 injiniyoyin Google sun yi nazarin faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken farantinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba ko kaɗan. Wato in ta ce akwai matsala, a yarda da ita. In ta yi shiru, ba shaidar lafiya ba ce.

Talata

Da na haɗa na 2 yau, sai jakunkunan fayil suka bayyana. Ba a goge shi ba. Sunayen da wani harshen Turai ne, wasu da shekaru a jikinsu, ɗaya kuma ko ba ka jin harshen ka san ta hotuna ce. Ɗan yayata, wanda ke taya ni riƙe waya da share ƙura, ya matso ya ce, "Kawu, mu buɗe mu gani mana, ai mu muka saya."

Na ce masa, "Ƙarfen muka saya, yaro. Abin da ke ciki na mai shi ne."

Ya yi shiru, amma na ga bai gamsu ba, sai na tambaye shi: in salular mamarsa ta ɓace a kasuwa, me yake so wanda ya tsinta ya yi da hotunan da ke ciki? Nan ya gane. Wannan abu ya dame ni har dare. Wani mutum a wata ƙasa ya zuba rayuwarsa a nan, hotunan ƴaƴansa watakila, wasiƙunsa, lissafin bashinsa, ya bayar da kwamfutar yana zaton ya rabu da ita, ga ta a kan tabarma a Kelle. Kuma ba sabon abu ba ne. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon binciken tsofaffin faifai 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, 12 ne kawai aka goge yadda ya kamata, kuma sun tarar da lambobin katin banki fiye da 5,000. Mutane suna zaton in sun danna gogewa abu ya tafi. Sunansa kawai ake cirewa daga jeri, shi yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Masu sayar da tsohuwar salula da memori a ciki su ji wannan da kyau, musamman mata.

Gobe gwajin da zan fara zai shafe komai, kuma na ji daɗin haka. Yau dai na sa kowane faifai ya yi gajeren gwajin kansa na minti biyu, sannan dogon, wanda ke karanta farantin daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa komai ba. Kusan awa huɗu. Na 1, na 2 da na 4 sun gama lafiya. Na 5 ya tsaya a hanya, ya ba da lambar gurbin da ya gagare shi. Ban yanke masa hukunci ba tukuna, don wani lokaci gurbi mai jira yana warkewa in an rubuta sabon abu a kansa.

Laraba

Babban gwaji. Manhajar badblocks tana cika faifai gaba ɗaya da zane guda, ta koma ta karanta kowane gurbi ta ga ko abin da ta zuba shi ne ya dawo. Kamar yadda mata ke cika randa da ruwa su bar ta, su dawo su ga ko ta tsiyaye, kafin a yarda a ɗora ta a ɗaki. Zane huɗu take yi: ɗaya da sifiri a jere, sannan a juye, sannan ɗaya zalla, sannan sifiri zalla. Da haka kowane ɗigo a farantin an sa shi ya riƙe ɗaya, an sa shi ya riƙe sifiri.

Matsalata wuta ce. Faifan tera 2 yana cin kusan awa huɗu a rubuta shi, huɗu a karanta. Zane huɗu ya haura awa 30 ke nan ba tsayawa, ni kuwa da hasken rana da batir nake aiki, batirin kuma da dare na fitila ne da cajin salular gida. Kwamfutar da faifai huɗu ba su kai wat 100 ba, amma ɗan wannan in ya kwana yana sha, da asuba gida ya shiga duhu. Mafita tana cikin manhajar kanta: ana iya ce mata ta yi zane ɗaya kawai. Don haka zane ɗaya a wuni, duka huɗun a lokaci guda, daga hantsi zuwa bayan la'asar. Na sa girman gurbi 4096 don aikin ya yi sauri. Na duba lambar jikin kowane faifai sau biyu kafin in danna, saboda wannan umarni ba ya tambaya, abin da aka nuna masa shi yake shafewa.

Na jera su a kan katako, kowane da tazarar yatsu uku, ƴar fanka tana hura su. Zafinsu bai wuce digiri 38 ba. Zuwa azahar kayan mutumin nan na Turai sun shafe.

Alhamis

Hazo. Tun asuba ba a ganin duwatsu, rana ta fito fara fat ba ƙarfi. Wannan ƙura yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, wurin da masana ke cewa babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya, har Amazon take kai wa. Mu muna kan hanyarta. Na goge farantan sola da safe, kafin azahar sun sake yin fari. Ban kunna komai ba. Gwajin da zai yanke a tsakiya gara ba a fara shi ba.

Na zauna da lambobin samfurin da na kwafe, ina gwama su da jerin da na ajiye a salula. Na 4 irin SMR ne. A irin wannan faifai ana ɗora layukan rubutu gefen wani a kan gefen wani don a samu wuri, saboda haka in za a canza layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Ga ajiye abu a bar shi ba laifi. Ga aikin da ake ta rubutu ba ƙaƙƙautawa, sai ya riƙa sanyi har kwamfuta ta zaci ya mutu. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red daga tera 2 zuwa 6 irin wannan ne ba a faɗa ba, har kamfanin ya ware Red Plus ga masu son tsarin da aka saba. Na 4 ya samu aikinsa tun kafin ya gama jarrabawa: in ya tsallake, shi zai riƙe kwafin da za a ajiye a wani gida.

Juma'a

Gari ya ɗan washe. Na sa zane na biyu, na rufe ɗaki na tafi masallaci.

Da na dawo na tarar da Inna a bakin ƙofa tana sauraren ƙugin. Ta ce, "Kai, wannan abu naka ba ya hutawa?" Na ce, "Inna, gwada su nake, kafin in zuba muryar Baba a ciki." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaya ko har da wadda ya yi a bikin ƙanwata, inda ya lissafa kakanninmu. Na ce har da ita, kuna iya ji duk lokacin da kuke so. Ta ce to a gwada su da kyau.

Asabar

Na 5 ya faɗi. A zane na uku kurakurai suka fara fitowa a allo, da na duba rajistarsa layi na 5 ya tashi daga sifiri zuwa gomiya da yawa, masu jiran hukunci kuma sun ƙaru maimakon su ragu. Adadin ba shi ne abin tsoro ba, hawansa ne. Faifan da ya sauya gurabe kaɗan shekaru da suka wuce ya tsaya a nan, wasu suna ci gaba da aiki da shi. Wanda lambarsa ke hawa a gabanka, farantinsa na ci gaba da lalacewa ne. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, da a ranar Lahadi na haɗa shi na zuba hotuna, da ya karɓa lafiya lau. Sai bayan watanni a zo buɗe wani hoto a tarar da rabinsa toka.

Na 2 ma ya ɗan tayar mini da hankali, layi na 199 ya motsa. Amma wannan layin ba na faranti ba ne, kuskuren hanya ne tsakanin faifai da kwamfuta, kuma galibi waya ce. Na sa sabuwa, na hure mashigar, lambar ta tsaya inda take. Ba ta komawa sifiri, don haka na rubuta ta a littafi, don nan gaba in san daga inda za a ƙirga. Da yawa an yar da lafiyayyen faifai saboda wayar da ba ta kai kuɗin shayi ba.

Lahadi

Zane na ƙarshe, sifiri zalla. Na 1, na 2 da na 4 sun fita ba kuskure ko ɗaya, rajistarsu kuma ba ta motsa ba. Zan sake musu dogon gwajin kansu gobe da safe don in rufe.

Na kira mai shagon. "Alhaji, biyu za su dawo." Na aika masa hoton allon. Ya ce shi kunnawa kawai yake yi, in kwamfuta ta gani ya sa a kanta, masu saye ba sa ba shi mako guda. Gaskiyarsa ce. Ya ce a dawo da su zai musanya. Na 3 bai gogu ba tunda ba ya tashi, na roƙe shi kada ya ba kowa shi sai an fasa farantin.

Litinin

Na 1 da na 2 sun shiga ƴar kwamfutar da za ta zauna dindindin, mai cin wuta kaɗan. Na haɗa su tagwaye da tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005. Duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, kowane guntun bayani kuma ana yi masa lambar shaida. In an zo karatu lambar ba ta dace ba, tsarin zai ɗauko mai kyau daga ɗan'uwan ya gyara. Ga tsofaffin faifai wannan ya fi komai amfani, don ɓarnarsu a ɓoye take farawa. Wurin da ya bayyana ya ɗan haura tera 1.8, saboda masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, kwamfuta da 1,024. Ya ishe mu: hoto mai mega 4 zai shiga wajen dubu 500.

Tagwaye ba su isa ba. In yaro ya goge jaka, a duka biyun ta gogu. In tsawa ta faɗo da damina, ko ruwa ya shigo ɗaki, ko ɓarawo, tare za su tafi. Mai ɗaukar hoto Peter Krogh shi ya yaɗa ƙa'idar nan ta kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Na 4 zai riƙa karɓar kwafi, a naɗe shi a kai gidan ƙanwata a Gure, a riƙa dawo da shi lokaci-lokaci ana sabuntawa. Takardu da muryoyin da ba su da nauyi zan ɗora su a intanet duk sa'ad da na shiga Damagaram.

Akwai masu cewa kada a riƙa kashe irin wannan kwamfuta. Maganarsu ta ɗakunan da ke da sanyi da wuta dare da rana ce. Faifai an gina shi ya jure tashi da tsayawa sau dubbai, sau ɗaya a wuni kuwa 365 ne a shekara. Abin da ke cutar da shi yankewar wuta yana tsakiyar rubutu. Tawa za ta tashi da hantsi, ta kashe kanta bayan isha'i, kafin batir ya yi ƙasa.

Talata

Salular Inna ce ta fara shiga, sannan tawa, sannan ta matata. Kowa da jakarsa da kalmar sirrinsa. Ni mai kula da na'urar ne, ba mai leƙa kayan mutane ba. Da aka gama na sa tsarin ya yi bitar duk abin da aka zuba, ya dawo ba kuskure. Na kafa masa ya riƙa yin haka farkon kowane wata, na kuma rubuta lambobin SMART na yau a littafi don gwamawa.

Zafi ne ke gabana. Yanzu hunturu ne, faifan suna digiri 35. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40 a ƙasar Damagaram, faifai mai aiki kuma yana ɗara ɗakin da yake ciki. Masu ƙerawa sukan ba da iyaka wajen 60, amma nazarin Google ɗin nan ya nuna zafi mai yawa ya fi taɓa faifan da suka kai shekara uku zuwa huɗu, wato irin nawa. Na sa in sun kai 48 kwamfutar ta kashe kanta. Na yi magana da kafinta ya yi mata akwati mai fanka biyu da tsumma a bakin iska don tace ƙura, za a ajiye shi a ɗakin ƙasa na kudu, wanda ya fi kowane sanyi. In bazara ta tsananta, aikinta zai koma daga magariba zuwa isha'i kawai.

Da yamma ƙanen mahaifina ya shigo da leda cike da kaset-kaset, ya ce tafsirin kakanmu ne da aka ɗauka tun zamanin Kunce. Ya ce, "Ɗana, waɗannan ma za su shiga?" Na ce, "Za su shiga, Baba, amma sai na samu rakoda mai lafiyayyen bel, don mai cin kaset zai yi mana asarar da ba gyara." Na aika Gure a tambayi masu gyaran rediyo.